Injin Gasa Burodi a Gidan Umm Nizar

Saura kwana goma sha biyu baƙin su iso Amman, Umm Nizar ta sa mijinta ya sayo injin gasa burodi. Shekararsu arba'in da huɗu da aure ba su taɓa mallakar irinsa ba, ba su kuma taɓa jin sun rasa wani abu ba.

Wata magana ce da surukarta Solange ta faɗa a waya ta jawo sayen. Solange matar Nizar ce, ɗansu tilo, wanda ya tafi Montreal karatun haɗa magunguna ya zauna a can, ya yi aure a can, wata safiya kuma zuciyarsa ta tsaya yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gidansa. Shekararsa arba'in da ɗaya. Wata takwas ke nan, kuma a can aka binne shi. Ya bar 'ya ɗaya, Dalya, mai shekara bakwai, wadda kakanninta ba su taɓa ganinta ba sai a fuskar waya.

"Mama, kada ki damu idan ba ta ci abinci ba," in ji Solange da Larabcinta mai tuntuɓe. "Tun rasuwar babanta take haka. Da safe ba ta karɓar komai sai begel gasasshe, shi ma gutsira ɗaya take yi ta ajiye. Babanta ne yake gasa mata kullum a da."

Da aka kashe wayar Umm Nizar ta dubi mijinta.

"Abu Nizar, mene ne begel?"

"Burodi ne mai rami a tsakiya, kamar ƙaton awarwaro."

"Ka'ak ɗinmu na gida ke nan."

"Ka'ak ne da ya yi karatu a ƙasar waje."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Gobe ka sayo mini abin da ake gasa shi."

Akwai abin da ya tsaya mata a rai, wanda ko mijinta ba ta tattauna shi da shi. Lokacin da Nizar ya auri Solange bai sanar da su ba sai bayan an ɗaura. Umm Nizar ta yi shekara biyu ba ta ɗaukar wayarsa. Daga baya sun shirya, amma shirin gaisuwa da tambayar lafiya. Sau ɗaya ya zo gida, shi kaɗai, ya yi kwana tara. Ba ta ce ya kawo matarsa ba, shi ma bai ce zai kawo ta ba. Tana ganin akwai lokaci.

Abu Nizar ya dawo da kwali a hammata. Tsohon ma'aikacin famfo ne, irin mutanen da ba sa taɓa sabon abu sai sun karanta takardarsa daga farko har ƙarshe. Ya sa tabarau, ya zauna a kicin ya karance ta tsaf. Injin fari ne, da baki biyu masu faɗi, da maɓallin murɗawa daga ɗaya zuwa bakwai, da wani ɗan maɓalli daban mai hoton zobe.

"Kafin yarinya ta zo sai mun san halinsa," in ji shi. "Kawo gurasa."

Gurasar gida ta fi bakin injin faɗi, sai suka raba ta biyu. A lamba biyu ta fito da ɗumi kawai, kamar wadda aka zauna a kai. A lamba huɗu ta fito a bushe ƙarau, ana taɓa ta tana karyewa. Ta ukun ta kumbura a ciki ta maƙale, injin ya yi ta ƙoƙarin tofo ta ya kasa. Abu Nizar ya ɗauki wuƙa zai zura. Umm Nizar ta fizge wayar injin daga bango.

"So kake in karɓi gaisuwar mutuwa sau biyu a shekara ɗaya?"

Maganar ta fita kafin ta auna ta. Ya ajiye wuƙar, ya kifa injin ya girgiza har gurasar ta faɗo.

Washegari ya zo da shirak, gurasar nan mai laushi da faɗi wadda ake hango yatsa ta bayanta. Ya ninke ta huɗu ya saka. Ba a yi minti ɗaya ba gefenta ya kama da wuta, hayaƙi ya cika kicin ya fita ta taga. Maƙwabciyarsu ta sama, Umm Sa'ir, ta leƙo daga baranda.

"Umm Nizar, lafiya? In kira 'yan kwana-kwana ko in sauko da faranti?"

"Abu Nizar ne yake koyon girki."

"Da tsufansa? Allah ya ba ki haƙuri, 'yar uwa."

Gurasar tabun ma ba ta yi daɗin hannu ba. Mai kauri ce, da tudu da kwari inda duwatsun tanda suka taɓa ta. Tudun ya ƙone, kwarin ko ɗumi bai yi ba. Burodin hamam mai laushi, da aka tsaga shi biyu ya shiga lafiya, sai dai ya fito a motse. Burodin yanka-yanka na leda shi kaɗai ya fito ja-ja-wur ta ko'ina, Abu Nizar ya ɗaga shi sama yana dubawa kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Wannan ɗan gida ne. Don shi aka ƙera injin."

"To ci abinka. Ni ban ga abin ci a soso ba."

Ranar Juma'a ya sayo ka'ak mai zafi a wurin mai amalanke na bakin masallaci. Dogo ne, da rami a tsakiya da riɗi a bayansa, sai da suka yanka shi huɗu sannan suka tsaga kowanne. Riɗin ya yi ta zuba a cikin injin yana fashewa ɗaya-ɗaya, ƙamshinsa da ƙaurinsa suka gauraye. Amma a lamba uku ka'ak ɗin ya fito da kyau, waje ƙamas, ciki da laushi.

"Shi ke nan, mun samu," in ji Abu Nizar da bakinsa cike. "Wallahi ya fi nasu. Ba sai na gani ba."

"Yarinyar ba ka'ak ta ce ba. Begel ta ce."

"Umm Nizar, rami fa rami ne."

"Ka je ka nemo."

Ya hau tasi har Abdun, unguwar masu kuɗi, ya shiga shago uku kafin ya samu. Ya dawo da guda shida a jakar takarda. Umm Nizar ta ɗauki ɗaya ta auna a tafin hannunta. Ƙarami ne amma da nauyi, fatarsa sumul tana sheƙi. Wajen tsaga shi wuƙa ta zame ta yanke ta a babban yatsa. Ta tsotse jinin, ta ɗaure da tsumma, ta ƙarasa.

Ɗan maɓallin mai hoton zobe ashe gefe ɗaya kawai yake gasawa. Karon farko suka saka a juye, bayan ya ƙone, cikin ya fito fari da sanyinsa. Abu Nizar ya koma wa takardarsa, ya yi gyaran murya, ya ce laifin mai fassara ne. Karo na biyu suka juya fuskar da aka tsaga ta dubi ciki. Ya fito yadda ake so: fuskar ta yi launin zuma, bayan ya yi ɗumi bai bushe ba.

Ta gutsira ta tauna, ta tauna.

"Wannan ai sai muƙamuƙi ya gaji. Shi ɗana yake ci shekara ashirin?"

Duk da haka kullum da safe sai ta gasa ɗaya, har ta gane cewa tsakanin huɗu da biyar ne daidai, kuma idan begel ɗin ya kwana biyu sai an yayyafa masa ruwa kaɗan. Ana gobe baƙin za su iso ta sake tura mijinta Abdun ya sayo sababbi, da farin cuku na shafawa irin wanda Solange ta faɗa.

Sun iso da la'asar. Solange doguwa ce, siririya, ta fi yadda take a waya tsufa. Ta sunkuya ta sumbaci hannun Abu Nizar kamar yadda aka koya mata, ta rungume Umm Nizar a ɗarare. Yarinyar tana bayanta, ta riƙe gefen rigarta. Girar Nizar ce a fuskarta, haɗaɗɗiya a tsakiya, har da ɗan karkata kai da yake yi idan yana sauraro. Umm Nizar ta durƙusa a gabanta.

"Ki gaida Teta, kakarki," in ji Solange.

"Sannu, Teta," in ji Dalya a hankali, da Larabcin unguwarsu sak, irin na bakin ubanta.

Maƙluba, shinkafa da nama da ake kifewa a faranti, wadda Umm Nizar ta yini tana yi, yarinyar ko kallonta ba ta yi ba. Ta sha ruwa, ta ci rabin kokwamba. Umm Nizar ta ce a ranta, bari dai gari ya waye.

Da safe ta riga kowa shiga kicin. Ta tsaga begel, ta juya fuskarsa ciki, ta murɗa tsakanin huɗu da biyar, ta danna maɓallin zobe. Ya fito babu inda za a kushe. Ta shafa cuku, ta ɗora a faranti mai furanni, ta ajiye a gaban Dalya. Abu Nizar yana tsaye a bakin ƙofa da hannu a baya.

Yarinyar ta duba. Ta taɓa da yatsa, ta shinshina. Ta ture farantin kaɗan.

"Ba haka Baba yake yi ba."

"To yaya yake yi, hasken idona? Ya fi haka ja?"

Dalya ta ɗaga kafaɗa.

Umm Nizar ta sake gasa wani a shida. Ta sake wani a uku. Ta gwada da man shanu, ta gwada da zuma. Abu Nizar ya kawo ka'ak ɗinsa yana ta zuba masa kirari, yarinyar ta yi murmushi don ladabi, ba ta ci ba. Haka aka yi safiya uku.

"Mama, ki bar wahalar da kanki," in ji Solange a rana ta uku, suna wanke kwanuka. "Ni ma a gida da irin wannan injin nake yi mata, amsar ɗaya ce. Ban san yadda yake yi ba. Ina fita asibiti tun ƙarfe shida, su biyu suke karyawa. Na tambaye ta, ba ta son maganar."

"Shekara bakwai ba ki taɓa gani ba?"

Da kaifi ta faɗe shi. Solange ta ci gaba da goge farantin da ke hannunta, wanda ya riga ya bushe.

"Ban taɓa gani ba," ta ce. "Ranar hutu ni nake girki."

Safiya ta huɗu Umm Nizar ba ta taɓa injin ba. Jikinta ya mutu. Ta dafa shayi, ta ɗauko gurasar jiya don kanta, ta kunna murhun gas ta ɗora ta kai tsaye a kan harshen wuta, yadda uwarta take yi, yadda ita ma take yi tun tana amarya. Tana juya ta da yatsu, gefen yana baƙi-baƙi yana hayaƙi. Wutar ta lashe mata yatsu, ta yi saurin kama leɓen kunnenta da yatsun don su huce.

"Haka."

Ta waiwaya. Dalya ce a bakin ƙofa da rigar barci, gashinta a hargitse.

"Me kika ce?"

"Haka Baba yake yi. A kan wuta. Kuma yana kama kunnensa."

Umm Nizar ta dafa gefen murhu. Gurasar ta ci gaba da ƙonewa har sai da yarinyar ta nuna mata da yatsa, sannan ta sauke.

"Zo ki nuna mini," ta ce.

Dalya ta jawo kujera ta hau. Ta ce a tsaga begel ɗin. Ta ce a rage wutar, Baba yana ragewa. Umm Nizar ta ɗora rabi ɗaya a kan harshen wutar tana juyawa. Ba kamar gurasa ba ne, mai kauri ne, waje yana ƙonewa kafin ciki ya ji, wutar kuma tana leƙowa ta ramin tsakiya tana neman yatsa.

"Ƙara kaɗan. Sai ya yi ɗigo-ɗigon baƙi."

"Sai cuku?"

"A'a. Mai. Da koren garin nan."

Umm Nizar ta sauko da kwalbar man zaitun da gwangwanin za'atar. Duk shekara takan aika wa Nizar za'atar ta hannun matafiya, ko a shekarun da ba ta ɗaukar wayarsa ba ta fasa ba, sai dai takan ce wa mijinta ya ce daga gare shi ne. Ta zuba man, ta barbaɗa garin.

"Ki yanka huɗu. Ɗaya naki ne. Baba yana ɗaukar ɗaya, wai haƙƙin mai gashi."

Haka Umm Nizar take ce wa Nizar yana ƙarami, idan ta gutsiri gurasarsa kafin ta miƙa masa. Ta yanka huɗu. Ta ɗauki nata ta riƙe, ba ta iya kai shi baki ba. Dalya ta cinye ukun tas, ta lashe yatsu, ta ce a ƙara. Tana cikin cin na biyu ta tsaya.

"Naki ya fi nasa kyau. Nasa ya fi ƙonewa."

Ta ajiye abin da ke hannunta ta fashe da kuka, kuka mai ƙarfi na ƙaramin yaro, tana kiran Baba. Umm Nizar ta ɗauke ta daga kan kujerar ta zauna da ita a ƙasa, a kan tayil mai sanyi, ta rungume ta tana jijjigawa, hawayenta na zuba a gashin yarinyar. Tun ranar da aka kira su da labarin ba ta yi kuka a gaban kowa ba.

Solange ta shigo da gudu, ta tsaya. Ta dubi murhun, ta dubi baƙin begel ɗin, ta shaƙi hayaƙin.

"Shi ya sa," ta ce. "Shi ya sa kullum yake cire batirin ƙararrawar hayaƙi ta kicin. Shekara bakwai muna faɗa a kan wannan. Yana ce mini ta lalace."

Ta yi wata 'yar dariya, ta toshe baki da hannu, ta zame ta zauna a ƙasa kusa da su. Abu Nizar ya leƙo, ya ga mata uku a ƙasa, ya kashe gas ɗin da aka manta a kunne, ya fita baranda ya daɗe bai dawo ba.

Sauran kwana shidan Dalya ta ci. Ta ci begel a kan wuta, da suka ƙare ta ci ka'ak a kan wuta, ta ci gurasa, har maƙluba ta ɗanɗana. Umm Nizar ta ce wa Solange ta zo ta koya. Solange ta gwada sau biyu, ta ƙone yatsa, sannan ta faɗi gaskiya: ta sayar da gidan, ba za ta iya wucewa ta wannan ƙofar kullum ba. Sun koma wani ɗan gida a bene kusa da asibiti, murhunsa na lantarki ne mai fuskar gilashi. Babu harshen wuta, kuma dokar ginin ta hana shigo da tukunyar gas.

"To yaya za ki yi da ita?"

"Ban sani ba, Mama. Zan gwada a kasko."

"Ba zai yi ba a kasko."

"Na sani."

Ana gobe za su tafi, da hantsi, su biyu suna tsinke ganyen mulukiyya, wato lalo, a baranda, Umm Nizar ta yi tambayar da ta kwana tara a bakinta. Ba ta ɗago kai ba.

"'Yata, ya tafi yana fushi da ni?"

Shi ne karo na farko da ta kira ta da haka. Solange ta daɗe tana murza ganye ɗaya a hannu.

"Da farko ya yi fushi sosai. Ranar da aka haifi Dalya ya kira ki sau huɗu daga asibiti."

"Ina ganin wayar tana ƙara. Ina zaune kusa da ita."

"Daga baya ban sani ba. Ba ya maganar. Idan na tayar sai ya ce, ki bar Mama, haka take. Ba zan ce miki ya faɗi abin da bai faɗa ba."

Umm Nizar ta gyaɗa kai. Ta so a yi mata ƙarya, ta kuma ji girman matar ya ƙaru a idonta da ba ta yi ba. Suka ci gaba da tsinke ganyen har kwandon ya ƙare.

A filin jirgi Dalya ta rungume ta, ta ce za ta dawo da rani. Ba su dawo da ranin ba, aikin Solange bai bari ba, na bayansa ma haka. Suna magana duk ranar Lahadi. Larabcin yarinyar ya riƙa raguwa a hankali, tunda babu mai yi mata shi a gida, har ya zama sai uwarta ta tsaya a tsakani tana fassarawa.

Wata Lahadi, bayan shekara ɗaya da rabi, Umm Nizar ta tambaya me take ci da safe yanzu. Solange ta juya tambayar zuwa Faransanci. Dalya ta lissafo abubuwa da sauri tana dariya, hankalinta rabi yana kan wata ƙawarta da ke jiranta a ƙofa.

"Ta ce komai," in ji Solange. "Ƙwai, madara, duk abin da aka ba ta. Ta yi ƙiba, Mama, likita ya ce ta koma daidai."

"Alhamdu lillahi," in ji Umm Nizar, kuma har zuciyarta ta faɗa.

Yarinyar ta ɗaga hannu ta ruga. Solange ta ce ita ma za ta shirya, tana da aiki. Fuskar wayar ta yi duhu. Umm Nizar ta zauna da ita a cinya.

"Me suka ce?" in ji Abu Nizar daga ɗaki. Kunnensa ya fara nauyi.

"Ta warke," ta ce.

"Wa?"

"Yarinyar. Ta warke."

Ta tashi ta fita baranda ta kwashe shanya, don hadari ya taso daga yamma.